Hilux ɗin Kamfani ko Naira 350,000 a Hannu?

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa da fatan alheri. Ina aiki da wani kamfani da ke sayen shinkafa shanshera a hannun manoma, mazaunina Birnin Kebbi. An yi mini ƙarin girma, yanzu ni ke kula da wakilanmu tun daga Augie da Argungu har Suru, Kamba, Bagudo da Yawuri. A wata nakan ci kilomita wajen 2,000, da yawa a hanyar fadama. An ba ni zaɓi biyu: ko Hilux ta kamfani, mai da gyara da inshora duk a kansu, ko a ƙara mini naira 350,000 a kan albashina na 450,000 duk wata, in nemi mota tawa, komai a kaina. Ina da ajiyar miliyan 4. Wani ɗan baffana a Kamba ya ce zai samo mini mota mai tsayi 'yar Kwatano a miliyan 12, in ciyo bashin sauran a banki. Uwargida ta ce mu karɓi kuɗin, wai kayan aro ba ya rufe katara, kuma ta gaji da shiga Keke Napep da yara. Ni ma raina ya fi karkata ga kuɗin, amma gabana na faɗuwa. Sati biyu aka ba ni in ba da amsa. Me ka gani?

Ɗanka, daga Birnin Kebbi.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya taya ka riƙo, ya sa gaba ta fi baya kyau.

Tunda sati biyu aka ba ka, ba zan ja maka rai ba: karɓi Hilux ɗin. Sauran abin da zan faɗa bayani ne, don ka samu abin gaya wa zuciyarka da kuma uwargida, wadda ita ma da gaskiyarta, zan zo kanta.

Na san abin da ke fizgar ka. In aka haɗa 450,000 da 350,000, dubu ɗari takwas ke nan, kuma ba mahaluƙin da wayarsa za ta yi ƙara ƙarshen wata ya ga wannan adadi bai ji sanyi har ƙafa ba. Amma ɗauko biro da bayan ambulan mu zauna, don ba 350,000 ɗin ce za ta iso aljihunka ba.

Mai haraji shi ke fara yankar rabonsa. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farkon abin da mutum ya samu a shekara, ta ɗora kashi 15 cikin ɗari daga nan zuwa miliyan 3, sai kashi 18 daga miliyan 3 zuwa miliyan 12. Albashinka a shekara miliyan 5.4 ne, alawus ɗin kuma miliyan 4.2, ka ga ƙarin gaba ɗaya a gidan kashi 18 zai faɗa. Wato 63,000 duk wata ta wuce hukumar tara kuɗin shiga ta jiha tun ba ka sa ta a ido ba. Saura 287,000. Don kada in yi maka coge, ita ma motar kamfani ba a banza take ba a wurin mai haraji. In za ka riƙa hidimar gidanka da ita, doka na ɗaukar kashi 5 na kuɗin da kamfani ya saye ta a matsayin ƙarin samunka na shekara. A ƙaddara miliyan 40 suka saye ta: miliyan 2 ke nan, harajinsu 360,000 a shekara, 30,000 a wata. Ajiye wannan a gefe.

Sai mai. Da bakinka ka ce kilomita 2,000. Mota mai tsayi da ta sha duniya kafin ta iso Kwatano, ga na'urar sanyi a kunne cikin zafin Afrilun Birnin Kebbi, ga rairayi tana nutsewa tana fita, in ta ba ka kilomita 10 a lita ɗaya ka gode wa Allah. Lita 200 ke nan. Mu sa lita naira 1,000 don lissafi ya yi sauƙi. Kai ka sa farashin da ka gani a allon gidan mai yau da safe, ka kuma tuna cewa a ƙauyen da ba gidan mai, abin da ɗan bumburutu ya yanka shi za ka biya. Dubu ɗari biyu ta tafi. Saura 87,000.

Inshorar naira 15,000 da kowa ke yi don 'yan sanda su bar shi ya wuce, wadda hukumar inshora ta ƙasa ta ɗaga daga 5,000 a farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa miliyan 3. Taka motar ko fitila ba za ta saya maka ba. Cikakkiyar inshora kuwa, irin wadda duk bankin da ya ba ka bashin mota zai ce sai ka yi, ba ta gaza kashi 5 na darajar motar: 600,000 a shekara, 50,000 a wata. Saura 37,000. Cikin wannan 37,000 ɗin za ka yi juye duk wata biyu da rabi, ka canza taya, ka canza shokozoba, birki, batir, ka sabunta takardu, ka sallami mai faci da mai wanki. Ko ka dawo da 30,000 ɗin da muka ajiye ka ɗora, tukunyar ba ta cika ba. Kuma har yanzu banki bai buɗe baki ba.

To bari ya buɗe. Miliyan 8 a raba wata 36, ko da sisin kwabo ba a ɗora ba, 222,000 ne da ɗoriya duk wata. Babban Bankin Najeriya kansa ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwa kuwa a samansa suke ɗorawa. In aka yanka maka kashi 30 a shekara, biyan wata zai doshi 340,000. Ka gani? Kusan alawus ɗin gaba ɗaya, tun ba a cire haraji ba, banki ya lashe shi. Mai da gyara da inshora daga tukunyar tuwon yara za su fito. Ban ma taɓo hukuncin kuɗin ruwa a addini ba, wanda ka sani ba sai na karanta maka ba. Akwai bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, su sayi motar su sayar maka da ribar da kuka yi ittifaƙi a kanta tun farko. Wannan ya raba ka da haram, amma bai raba ka da biyan wata mai nauyi ba.

Duk wannan lissafin ma na yau ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. Alawus adadi ne da aka rubuta a takarda, inda aka ajiye shi nan yake kwana. Kuɗin riƙon mota kuwa ƙafa gare shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 da safe lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Shugaban ƙasa ya faɗi a jawabin rantsuwa cewa tallafin mai ya tafi, kafin sati ya zagayo ta haye 500, a Yuli ta wuce 600, kafin 2024 ta ƙare ta taka 1,000 a wurare da yawa. Ka tambayi duk wanda ke karɓar alawus ɗin mota a lokacin ko nasa ya ninka sau biyar. Mai motar ofis kuwa katin mai ya miƙa aka cika masa tanki, ya yi tsaki tare da jama'a don kara, ya ja motarsa ya tafi. Kamfaninku ba don ƙaunarka ya kawo zaɓi na biyu ba, ba kuma don mugunta ba. Akantansu ya san abin da Hilux ke ci a hanyar Suru da damina, ya kuma san ya fi masa sauƙi ya rubuta adadi ɗaya a kasafin shekara ya bar wani da fargabar sauran. Abin da ake sayar maka a 350,000 ɗin nan fargaba ce.

Ni na taɓa sayen irinta. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mayar da gata kuɗi: a daina ba ma'aikata gida da mota da direba, a zuba musu kuɗin a albashi, motocin ofis kuma a sayar. A ma'aikatar da nake lokacin, Fijo 504 doguwa ta faɗo hannuna a farashin da ko a mafarki ban zata ba. Ranar da na kai ta gida har turare aka yi mata. Shekara ba ta cika ba, wata ranar Lahadi tsakanin Koko da Jega, na ji wani ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin bonet, fitilar baƙin mai ta kawo ja, inji ya yi shiru. Da tana ta ofis, waya ɗaya zan yi a aiko da wata. Yanzu kuwa ni ne ofis. Aka jawo ta da igiya bayan motar albasa. Bakanike ya buɗe, ya goge hannu da tsumma, ya girgiza kai ya ce, «Alhaji, ta buga. Sai dai a yi aike Ƙofar Ruwa.» Aka yi aike Kano, kaya suka zo ba su dace ba, aka mayar. Wata bakwai motar nan tana kan duwatsu huɗu ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidana. Kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta har ta ƙyanƙyashe. Alawus ɗina na shiga duk wata cif, ni kuma ina tsaron kabu-kabu a bakin titi da jakar ofis a hammata.

Ni aikin tebur nake yi, na makara a yi mini uzuri. Kai fa? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ka karɓi alawus ka ɗauki alkawarin cewa kullum da mota a ƙarƙashinka. A ce tsakiyar girbin rani ne, manoman Suru sun tara buhu suna jira, wasu masu saye daga Kano sun riga sun sauka da kuɗi a hannu, taka motar kuma tana gareji an sauke giya. Manajanka ba zai tambayi lafiyar giya ba. Cewa zai yi, «Ba muna biyan ka kuɗin mota ba?» Sai ka yi shatar wata daga aljihunka, ga gyara ga shata ga banki.

Akwai kuma abin da ba ma son ambata amma dole. Yankin da aka ba ka ba duka ke kwance lafiya ba. Harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 bai bar zukatan mutane ba. Allah ya tsare, amma in aka tare hanya aka ce miƙo makulli, wanda ke cikin motar kamfani miƙawa yake ya tsira da ransa, gobe ya rubuta rahoto. Wanda ke cikin tasa, da bashin miliyan 8 a wuya, shi ne zuciya kan raya wa ya yi gardama ko ya taka totur. Haka in ruwa ya ci gada, irin ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a jihar nan: mai motar kamfani ba shi ke fargabar asarar mota ba. Gaskiya ne farar Hilux mai tambari tana jan ido, don haka ka roƙi kada a manna mata ƙaton suna a ƙofa, kada ka yarda a ɗora maka ɗaukar tsabar kuɗin biyan manoma, la'asar kuma ta same ka a kan kwalta. In wakilinka na gari ya ce yau kada ka shigo, kada ka shiga.

Wani zai ce maka, ai mota a Najeriya kadara ce, wanda ya saya a 2022 ya sayar da riba a 2024. An yi haka. Amma ba motar ce ta yi daraja ba, naira ce ta zube, daga wajen 460 kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayar da “riba” ya koma kasuwa bai iya sayen irin wadda ya sayar ba, kayan gyara kuma da dalar suka tashi. Sannan motar da ke riƙe farashi ita ce ta Alhajin da ke zuwa masallacin Juma'a da ita ya dawo ya lulluɓe. Taka za ta ci kilomita 24,000 a shekara, 72,000 kafin ka gama biyan banki, rabi cikin laka da ƙura da gargada, buhun samfur a but, wakilai biyar a baya. Ranar da ta zama taka halak malak, dillali zai zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa ƙarƙashi, ya taya ta da farashin da zai sa ka yi salati.

Yanzu uwargida. Ka gaishe ta, ka ce Kawu ya ce karin maganarta daidai ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Na ga mutumin da aka miƙa wa takardar sallama da hantsi, mai gadin da ke sara masa kullum ya biyo shi har inda ya yi fakin ya ce, cikin jin kunya, «Ranka ya daɗe, an ce in karɓi makulli.» Ya kwashe dardumar sallarsa da takalman yara daga but ya zuba a leda, ya fita ƙofa ya tsayar da mai mashin. Maƙwabta ba su tambaye shi komai ba, ganin ƙofar gida wayam ya ishe su labari. Wannan ciwon gaskiya ne. Sai dai ta auna ɗaya gefen: a sallame ka alhali ka karɓi alawus. Albashi ya tsaya, alawus ya tsaya, banki bai tsaya ba. Na farko ya rasa mota. Na biyu ya rasa mota, ya rasa miliyan 4 ɗinsa, ana kuma buga masa waya.

Kuma in ka saurare ta da kyau, ba alawus take nema ba. Mota take so a gida: a kai yara makaranta, a je asibiti cikin dare, a je biki Gwandu ba a sauka daga Keke da ƙura a mayafi ba. To motar da kake shirin saya ba za ta yi mata wannan ba, don kwana huɗu cikin bakwai tana Bagudo ko Yawuri tare da kai. Buƙatu biyu ne kuke so ku ɗaure da igiya ɗaya. Ka bar kamfani ya ɗauki nauyin motar wahala, ku kuma ku nemi ƙaramar motar cikin gari da kuɗinku, ba bashi. Miliyan 4 ɗin nan, in ta isa ta sayi wata 'yar tsohuwar Corolla ko Golf mai lafiyar inji wadda kowane bakanike a Birnin Kebbi ya san cikinta, ku saya. In ba ta isa ba, ka ware wani abu daga ƙarin albashin da girman ya kawo, ko ka shiga adashi da abokan aiki, cikin 'yan watanni ku cike. Kada dai kuɗin su daɗe kwance a asusu, don hauhawar farashi ta haye kashi 34 a 2024, kuma gara ba ta cin hatsi kamar yadda wannan ke cin ajiya. Ta koyi tuƙi, a yi mata lasisi na gaskiya. Ranar da aka karɓi makullin Hilux, in ma ranar ta zo, akwai abin da zai rage a ƙofar gida.

Ga wata fa'ida da ba a rubutawa a takardar ɗaukar aiki. Duk wanda ya sayi mota mai tsayi a dangi, ba shi kaɗai ya saya ba. Ɗaukar amarya, kai gaisuwar mutuwa Zuru, ɗauko mahajjaci a filin jirgi, ƙanin matar yayanka da «zai je nan Kalgo ya dawo yanzu» ya kwana biyu ya dawo da tanki a bushe da madubi a karye. Ka hana a ce ka yi kuɗi ka canza, ka bayar mai doki ya koma kuturi. Motar kamfani kuwa ta zo da amsarta: «Wallahi ba tawa ba ce, akwai na'urar da ke nuna musu duk inda ta shiga.» Ba wanda zai yi fushi, kai kuma ba ka yi ƙarya ba.

Game da ɗan baffanka na Kamba, ban ce yana da mugun nufi ba. Amma a farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sai ta tashar jiragen ruwa, shi ya sa duk motar da ta ɓullo ta Kamba ko Lolo ko Tsamiya ake yi mata kallon tuhuma. Arahar da ake samu a irinsu sau da yawa kuɗin kwastam ne da ba a biya ba. Kai da za ka wuce shingen kwastam kusan kullum, motar da takardarta ke da lam'a ba abokiyar tafiyarka ba ce. Ko ƙaramar ta gida za ku saya, ka ɗauki lambar jikinta da takardar biyan kuɗin fito ka kai ofishin kwastam na Birnin Kebbi a duba kafin ka biya ko kwabo. In ɗan baffa ya ce «haba, ba ka yarda da ni ba ne?» ka ce banki ne ko ofis suka nema. Zumunci ya fi saurin lalacewa bayan an ƙwace mota fiye da kafin a saya.

To, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sa hannu, ka shiga ofishin kula da ma'aikata ka nemi takardar ƙa'idojin mota, ka karanta ta da kanka. Abin da aka faɗa maka da baki a baranda ba shi za a duba ba ranar da aka yi karo. Ka san ko motar za ta kwana gidanka. Ka san ko an yarda ka ɗauki iyali, ka je Sakkwato ko gida ranar hutu, da kuma wa ke biyan man wannan tafiyar. Katin man nan lita nawa ne a wata, kuma in girbi ya sa ka zarce fa? In aka yi haɗari, ko aka sace ta a ƙofar gidanka, me za a cire daga albashinka? In tana gareji, za a ba ka wata? Mafi girma a wurina: kamfanoni da yawa na sayar da motocinsu bayan shekara huɗu ko biyar. Ka roƙi a rubuta cewa kai za a fara yi wa tayi, a farashin da ya rage mata a littafin akanta. In ka samu wannan, ka ci moriyar zaɓin biyu: sun sha wahalar ƙuruciyarta, kai kuma ka san tarihin kowane ƙusa a jikinta, tunda a hannunka ta tsufa. Wanda ya san motar za ta iya zama tasa, da kansa yake duba baƙin mai kowace safiya.

Izinin amfanin gida da na ce a rubuta ba don gudun rigima kaɗai ba ne. Motar amana ce, man da ke ciki ma amana ne, kuma Allah ya umarce mu a Suratun Nisa'i da mu mayar da amana ga masu ita. Na san yadda abin ke farawa: fasinja biyu daga Jega «don kuɗin goro», buhu goma na wani ɗan kasuwa tunda bayan motar fanko ne, galan ɗaya a zuƙe wa janareton gida. Kowa na yi, in ji masu yi. Abin da aka halatta maka a rubuce ka ci da bismilla, abin da ba a halatta ba ka bar shi, ko da na'urar bin sawu ta lalace.

Da aikinka na cikin gari ne, daga gida zuwa ofis zuwa banki, kilomita 500 a wata, kuma da ma kana da motarka ba bashi a kanta, da na ce maka karɓi kuɗin ba tare da na ɗauko biro ba. Har da wata 'yar riba: in aka sa alawus ɗin cikin kuɗin sufuri, dokar fansho ta 2014 ta sa a cire maka kashi 8, kamfani ya ɗora kashi 10, su taru a asusunka na tsufa. Haka in wata rana ka ga dole sai ka yi aiki da taka, kada ka yarda da dunƙulallen adadi. Ka nemi su ɗauki mai, ko su biya ka gwargwadon kilomitar da ka yi musu, a kuma rubuta cewa za a sake duba farashin duk lokacin da lita ta motsa. Kuɗin da aka mayar maka na abin da ka kashe a kan aiki, da shaida a hannu, ba a yi masa lissafin albashi wajen haraji.

Amma wannan ba halinka ba ne yau. Kai mai kilomita 2,000 ne, mai miliyan 4, mai hanyar fadama. Daren yau bayan isha'i, in yara sun kwanta, ka zauna da uwargida da wannan ambulan ɗin, ka bar ta ta riƙe biron ta yi ragin da hannunta, tun daga 350,000 har ƙasa. Kada ka ce mata «Kawu ya ce». In ta iso wurin banki, ka yi shiru ka bar ta ta duba. Daga nan sai ku shiga maganar wace kala take so ƙaramar motar ta kasance, da kuma wa zai koya mata tuƙi, don ban ba ka shawarar ka koya mata da kanka ba.

Kawunka.